A Sa Shi A Hanya, Amma Kada A Koya Masa Hankali

Duk lokacin da wani kamfanin fim ya ce zai dawo da tsohon gwanin ban dariya da aka jima ba a gani ba, ko tallan ba a fitar ba za ka iya cankar labarin. Za a fitar da shi daga gida, a miƙa masa jaka, a nuna masa wani wuri can nesa a ce nan za shi. A 1971 Jacques Tati, darakta kuma ɗan wasan Faransa, ya dawo da Mista Hulot, gwanin da shi da kansa yake fitowa a matsayinsa, a Trafic, ya ba shi aikin kai wata mota daga Faris zuwa baje-kolin motoci a Amsterdam. A 2007 Mista Bin, bayan shekara goma rabonsa da sinima, ya kama hanya daga Landan zuwa Cannes a bakin tekun kudancin Faransa. A 2014 wawayen nan biyu na Dumb and Dumber, Lloyd da Harry, suka sake hawa titi bayan shekara ashirin. A 2016 Pee-wee Herman, wanda fim ɗinsa na ƙarshe ya fito tun 1988, ya bar ɗan garinsa ya nufi New York. A 2020 Borat ya sake ratsa Amurka.

Masu suka suna cewa wannan ci da tsohon suna ne kawai, basira ta ƙare. Ta fuskar kuɗi ba su yi ƙarya ba. Tati bai koma wa Hulot don marmari ba. Playtime na 1967 ya cinye masa dukiya ya bar shi cikin bashi, sunan Hulot kuma shi ne abin da masu zuba jari za su saurara. Kamfani yana son sunan da aka sani domin rabin talla ta riga ta yi kanta. Sai dai niyyar mai kuɗi ba ita ke sa fim ya yi kyau ko ya lalace ba. Ni a ganina dawo da irin waɗannan mutane ba laifi ba ne, kuma kan hanya ne wurin da ya fi dacewa da su. Inda ake ɓata abin shi ne wajen yi wa mutumin gyaran da bai nema ba: a ɗora masa babban dalili, a goge masa tsufa, a ƙarshe a koya masa hankali.

A fara da lissafi. Yawancinsu ba a sinima aka haife su ba. Mista Bin ɗan talabijin ne, shirin da ya fara a 1990 ya ƙare a 1995, kowane kashi kamar minti 25, a cikinsa kuma ana yin gajerun wasanni biyu ko uku. Pee-wee a dandamalin wasan kwaikwayo na Los Angeles Paul Reubens ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1970. Borat ɗan guntun fitowa ne a cikin wani shirin talabijin na Ingila. Wato an gina su ne don minti bakwai zuwa goma: a ajiye mutumin a wuri mai ƙa'ida, ɗakin jarrabawa ko kujerar likitan haƙori, ya karya ƙa'idar, ya yi ƙoƙarin rufe ɓarnar, ya ƙara ɓatawa, a tashi. Fim kuwa minti 90 ne, kusan shafi 90 na rubutu, tunda a ƙa'idar sana'ar shafi ɗaya minti ɗaya ne. Abin da ya saba riƙe mai kallo tsawon wannan lokaci shi ne ganin jarumi yana canzawa, matsoraci ya yi zuciya, marowaci ya buɗe hannu. To shi wannan ba ya canzawa, kuma rashin canzawar ita ce hajarsa. Ranar da Mista Bin ya gane cewa sauran mutane ma suna da haƙƙi, ranar ya tashi daga Mista Bin.

Hanya ce ke warware wannan. Tunda shi ba zai gusa ba, sai a gusar da duniyar da ke gefensa. Marubuci ya raba shafukansa: kamar goma na farko a nuna shi a gida a ba shi dalilin fita, goma zuwa sha biyar na ƙarshe a isar da shi, abin da ya rage a tsakiya a yanka shi zango-zango, bakwai ko takwas, kowanne daidai tsawon da aka san yana iya ɗauka. Kowane zango sabon wuri, sabuwar ƙa'ida, da mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Wannan na ƙarshen shi ne babbar ribar. Maƙwabcin da ya shekara ashirin da wawa ya daina mamaki, mu kuma rabin dariyarmu ba wawancin muke yi wa ba, fuskar wanda ya gamu da shi yau muke yi wa.

Mai shakka ya duba abin da ya faru da aka zaunar da su wuri guda. A fim ɗin 1997 an kai Mista Bin Los Angeles aka sauke shi a gidan wani magidanci, aka sa shi magana fiye da yadda aka saba, har da jawabi a gaban taro, aka kuma haɗa shi da rikicin auren mai masaukinsa. Fim ɗin ya yi kasuwa, ba a musu, amma rabin labarin na wani ne, shi Bin baƙo ne a ciki. A 1988 an ajiye Pee-wee a gona aka kawo masa soyayya, fim ɗin ya kasa kama ƙafar fim ɗinsa na farko na 1985, wanda Tim Burton ya fara darakta da shi, aka kashe kimanin dala miliyan 7 ya dawo da sama da miliyan 40.

Amma hanya ita kaɗai ba ta isa ba, kuma a nan ne masu dawo da tsofaffin nan suke fara tuntuɓe. Me ya fitar da shi? Dalilin ya kamata ya zama ƙarami a idonmu, babba a idonsa. A 1985 jan keken Pee-wee aka sace, wata 'yar duba ta shara masa ƙarya cewa yana cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ginin Alamo a Texas, ya keta ƙasa ya je aka ce masa ginin ba shi da irin wannan ɗaki. Mista Bin teku kawai yake so ya gani. Ya ci tikitin ne a wata ƙuri'ar tara kuɗi, haɗe da kyamarar bidiyo da yuro 200. A 1994 jaka ce Lloyd zai mayar wa wata mata da ya gani sau ɗaya, daga Providence har Aspen, bai san kuɗin fansa ne aka ajiye da gangan ba. Tazarar da ke tsakanin ƙanƙantar abin da girman wahalar tana ba da dariya ko a fitowar da ba a yi wani wasa ba. Sai ga na 2014: an ce Harry na bukatar ƙoda, za a nemo 'yarsa da bai taɓa sani ba, ga wani ƙunshi da aka ce ya kai biliyoyin daloli, ga masu shirin kisa a bayansu. An tara dalilai masu nauyi saboda tsoron ɗaya ba zai riƙe ba, kuma duk wanda aka ƙara sai ya ci mintuna na bayani, mintunan da babu mai dariya a cikinsu. A ƙarshe ma aka ce ciwon ƙodar tsokana ce.

Dalili kuma yana bukatar wa'adi. Baje-kolin Amsterdam yana da ranar rufewa. Pee-wee na 2016 kwana biyar gare shi ya isa bikin zagayowar ranar haihuwar sabon abokinsa, ɗan wasan fim Joe Manganiello, wanda ya fito da sunansa na gaskiya. In babu wa'adi tafiya ta koma yawo, duk tsayawar da aka yi ba ta rage wa kowa komai.

Akwai gwajin da duk mai rubuta irin wannan fim ya kamata ya yi. Ya rubuta kowane zango a kati, ya cakuɗa katunan, ya sake jera su yadda suka zo. In labarin bai lalace ba, to ba fim ya rubuta ba, gajerun wasanni ya tara. Na Mista Bin na 2007 ba zai cakuɗu ba, kuma ya cancanci a bi shi daki-daki. A tashar Gare de Lyon ta Faris ya roƙi wani fasinja ya ɗauke shi a bidiyo yana shiga jirgin ƙasa. Bai gamsu da ɗaukar ba, ya sa aka maimaita, har ƙofa ta rufe jirgi ya tashi ya bar mutumin a tasha, ɗansa ƙarami kuwa yana ciki. Saboda haka yaron ya zama nauyi a wuyansa. Uban ya biyo a wani jirgi da ba ya tsayawa a tashar da suke, ya manna lambar waya a gilashi, amma yatsunsa sun rufe lambobi biyu na ƙarshe, wato lamba ɗari ke nan za a gwada. Garin gwadawa Bin ya manta walat da fasfo da tikiti a wurin wayar. Saboda babu tikiti aka sauke su daga jirgi, saboda babu kuɗi suka yi wasa a kasuwa ana jefa musu sulalla, da sulallan aka sayi tikitin bas, tikitin ya tashi ya manne a ƙafar kaza, ya bi kazar a kan keke har ya ɓace. Babu zangon da ba ɗan wanda ya gabace shi ba ne, kuma kusan kowace masifa shi ya jawo ta da hannunsa, da son kansa da naci. Fitowar gidan abinci, inda yake zuba abin da ya kasa haɗiyewa a jakar wata mata, ita ce za a iya cirewa ba a ji ba. Fim yana ɗaukar irinta ɗaya ko biyu. In sun kai biyar, wajen minti na hamsin mai kallo zai fara duba waya, ba don wasan bai yi daɗi ba, sai don ya gane babu abin da yake jira.

Yaron nan ma ba don tausayi kawai aka sa shi ba. Gwanin ban dariya yana bukatar mai hankali a gefensa wanda ba zai iya gudu ba, kuma yaron da bai jin yarensa, ya fi shi natsuwa, ya dogara da shi, ya cika wannan sharaɗi ba tare da an buɗe bakin Bin ba. A duk Faransa kalmomi kaɗan ya riƙe, ɗaya ma ta Sifaniyanci ce. Kai shi ƙasar da ba ya jin yarenta shi ne ya mayar masa da shirunsa, wanda aka ƙwace masa a 1997. Abin da ke kashe wannan shi ne cika hanya da sanannun fuskoki. Tsohon suna in zai dawo, taurari da yawa suna son a gan su a ciki ko na minti ɗaya ne, furodusa kuma yana son sunayensu a talla. Tauraron da ya zo yana murmushin "ga ni tare da gwaninmu" ba baƙo ba ne, ba ya mamaki, fitowar ta mutu tun kafin a fara. Borat ya gamu da mafi tsananin wannan matsala, domin shi da mutanen gaske yake wasa ba su san fim ba ne. Bayan fim ɗinsa na farko a 2006 kowa ya san gashin-bakin da kwat ɗin. Dole a 2020 Sacha Baron Cohen, mai fitowa a Borat, ya riƙa ɓad da kama a cikin fim ɗin kansa, aka miƙa babban kason aikin ga Maria Bakalova, 'yar Bulgeriya da ba wanda ya sani, ta fito a matsayin 'yarsa. Ita ce ta riƙe fim ɗin, har aka sa sunanta a takarar Oscar.

Sai ita kanta motar, wadda mutane ke ɗauka ita ce sauƙin abin. Ba haka ba ne. Jarumi ba ya tuƙi da gaske yana wasa. Ana ɗora motar a kan wata tirela mai ƙasa-ƙasa, babbar mota tana ja, kyamarori da fitilu a ɗaure a jiki, 'yan sanda gaba da baya, an rufe titi. Ana cire madubin tsakiya da matashin kai na kujeru don kada su tare fuska, a sa wa kyamara gilashin da ke kashe ƙyallin gilashin gaba, injin motar a kashe don a samu sauti mai tsabta. Titin da aka rufe yana da iyaka. In an kai ƙarshensa sai duk ayarin ya juya ya koma mafari, kuma ba a ɗauka a hanyar dawowa, domin hasken ranar da ke kuncin dama ya koma na hagu, hotunan ba za su haɗu a wurin mai tacewa ba. Ɗaukar da za a maimaita cikin minti biyu a ɗaki tana iya cin rubu'in awa a titi. Barkwanci kuwa da maimaitawa ake samunsa, a gwada da sauri, a gwada da jinkiri, a bar jarumi ya ƙara nasa. Shi ya sa da yawa suke komawa situdiyo, a ajiye mota a gaban koren labule ko manyan allunan hoto, ma'aikata suna girgiza ta. Ana samun ɗauka da yawa, amma in hasken da ke kan fuska bai bi na titin da aka liƙa a baya ba, ido yana ganewa ko mai shi bai san me ya gani ba.

Akwai wadda ta fi wannan. Wanda ke zaune a mota, ɗaure da bel, an yanke masa rabin jiki. Ga masu wasan baki irin su Lloyd da Harry wannan ba asara ba ce. Kujera ɗaya, mutum biyu, da wani baƙo a matse a tsakiyarsu yana shan azaba, ya ishe su. Amma wanda wasansa a ƙafa yake, a tafiya da tsayuwa da yadda yake shiga ƙofa, mota kurkuku ce gare shi. A lura da yadda aka riƙa fitar da Mista Bin daga abin hawa: jirgin ƙasa mai wurin zirga-zirga, ƙafa, keke, ɗan babur ɗin da ya sata ya tarar tafiyar ƙafa ta fi shi sauri. Sai can kusa da ƙarshe aka sa shi a mota, nan ma da fuska aka yi wasan, yana yaƙi da barci. Fim ɗin tafiya mai kyau na irin wannan mutum yawancinsa ba a cikin mota ake yinsa ba, a inda motar ta tsaya ne.

Yanzu batun da kowa ke kauce wa, tsufa. Reubens yana da shekara 63 lokacin da fim ɗin 2016 ya fito, yana wasan mutumin da ba a taɓa sanin ko yaro ne ko babba ba. Bai ɓoye ba cewa an gyara masa fuska da kwalliya da kwamfuta. Aikin ba ƙarami ba ne: hoto 24 ke wucewa a daƙiƙa guda, fim na minti 90 hoto 129,600 ne, kuma duk inda fuskarsa ta fito kusa sai an bi an share layukan goshi da na wuya. Matsalar ita ce layukan nan su ne ke ɗauke da motsin fuska. In an share da yawa, dariyar tana baki amma ba ta kai ido. Kwamfuta kuma ba ta gyara gwiwa, ba ta gyara numfashi. Faɗuwar da ɗan shekara 33 zai yi a ɗauka guda, daga nesa, ana ganinsa tun daga kai har ƙafa, ɗan sittin sai an yanka ta uku: fuskarsa, bayan wanda ya tsaya masa, fuskarsa a ƙasa. Duk yanka ɗaya yana rage dariya, domin abin da ke sa mutum ya fashe shi ne ya ga da idonsa cewa wannan mutumin ne, a wannan wurin, abin ya same shi.

Amma ba jiki ne babbar matsalar ba, ma'anar wasan ce ke juyawa. Rowan Atkinson, mai fitowa a Mista Bin, da kansa ya taɓa cewa ganin mai shekara hamsin da wani abu yana halin yara yana fara ba da tausayi. Abin da saurayi zai yi a ce rashin wayo ne, dattijo in ya yi sai a ga mugunta ko rashin lafiya. Jim Carrey (Lloyd) yana da 52 a 2014, Jeff Daniels (Harry) 59, aka mayar musu da askinsu na 1994 da tsokanarsu ta 1994, sai wasannin da a da suka fito daga rashin sani suka koma kamar cin zali. Ba ƙwarewarsu ce ta ragu ba, rubutun ne ya ƙi yarda an shekara ashirin.

Waɗanda suka tsira su ne suka bar tsufan ya shigo cikin aikin. Tati ya haura sittin a Trafic, bai yi ƙoƙarin tsalle-tsallen fim ɗin Hulot na farko na 1953 ba. Ya ja kyamara baya, ya bar direbobi da motoci da masu gyara su yi yawancin wasan, shi kuma yana ratsawa da doguwar rigarsa da lema. A Japan, Kiyoshi Atsumi ya yi Tora-san, ɗan tireda mai yawon gari-gari, a fim 48 daga 1969 zuwa 1995. Da ƙarfinsa ya ragu, darakta Yoji Yamada ya mayar da soyayya da guje-guje kan ɗan 'yar'uwarsa, shi ya koma kawu mai ba da shawarar da shi kansa bai taɓa amfana da ita ba. Halinsa bai canza ba, matsayinsa a cikin labarin ne ya canza. Wannan shi ne bambancin da nake nufi: a canza masa kujera, kada a canza masa kai.

Tsofaffin wasanni fa? Masoya suna jiran su, kuma hana su gaba ɗaya rowa ce. Amma wasan da aka sani ba dariya yake jawowa ba, tafi yake jawowa, na "na tuna wannan". Tafin yana da daɗi sau ɗaya ko biyu, a farkon fim, don a gaisa. Bayan nan abin da ya kamata ya dawo shi ne yadda mutumin ke tunani, a kan abin da bai taɓa gamuwa da shi ba. Fitowar da aka fi tunawa a Pee-wee na 2016 ba ta cikin tsofaffin. Ya sauka a wurin Amish, mutanen nan na Amurka da ke nesanta kansu da kayan zamani, yana so ya nuna musu yadda ake nishaɗi. Ya hura balan-balan, ya matse bakinta, ya fara sakin iskar tana ƙara. Shi ke nan wasan. Kyamara ta tsaya a kansa, su kuma sun zuba masa ido ba mai motsi. Da farko abin dariya ne, can ya daina ba da dariya, ka fara cewa ai ya isa, shi kuwa bai daina ba, yana canza wa ƙarar murya da fuskar mai aikin gaske, har dariyar ta dawo ta fi ta farko. Ba ta bukatar gwiwa, ba ta bukatar ƙuruciya. Tana bukatar wanda ya san daidai inda haƙurin mai kallo yake ƙarewa ya kuma wuce wurin da gangan.

Irin wannan fitowa tana nuna wata asara da ba a cika magana a kanta ba. A al'adar sana'ar, ana nuna fim ɗin barkwanci ga 'yan kallo na gwaji kafin a rufe aiki, a naɗi sautin zauren, mai tacewa ya koma ya daidaita: inda aka yi dariya mai tsawo ya bar fili don kada ta danne magana ta gaba, inda aka yi shiru ya rage. Wani lokaci hoto shida ko takwas, ƙasa da rabin daƙiƙa, su ne tsakanin wasan da ya ci da wanda ya faɗi. Fim ɗin Pee-wee a Netflix ya fito, na Borat a Amazon. Filin da aka bari don zaure mai mutum ɗari uku, ga mai kallo shi kaɗai a waya shiru ne kawai, yatsansa kuma yana kusa da maɓallin tsallakewa. Kamfanonin intanet ne suka fi kowa son dawo da tsofaffin sunaye, alhali yanayin kallonsu ne ya fi cutar da irin wasan da sunayen suka yi suna da shi.

Sai isowa, inda matsin lamba ya fi yawa. Masu kuɗi suna son a fita da ɗumi a zuciya, don haka a shafi goma na ƙarshe sai ka ga an tsayar da wawa, an sa kiɗa mai taushi, ya nemi gafara, ya faɗi abin da tafiya ta koya masa. Wannan cin amanar minti tamanin da suka wuce ne. Hulot da ayarinsa sun isa Amsterdam an riga an rufe baje-kolin, aka sallame shi daga aiki, ya buɗe lema ya tafi abinsa. Mista Bin ya haɗa yaron da ubansa, gaskiya ne, amma da ya hango teku ta wata ƙofa bai tsaya karɓar godiya ba, ya miƙe sak yana taka rufin motoci har bakin ruwa, idonsa a kyamararsa, kamar yadda ya so tun shafi na biyar. Na Pee-wee ya ɗan yi laushi a nan, da zancen a fita a ga duniya, abin da ya cece shi shi ne an bar abotarsa da Manganiello a matsayin ta yara 'yan shekara goma, ba a girmar da ita ba. Ɗumin yana halatta in ya fito daga mutanen da ya wahalar, su ne za su canza ra'ayi a kansa. Shi kam ya isa yadda ya fito.

Inda nake tare da masu suka ɗari bisa ɗari shi ne dawowar da ba mai ita. John Belushi, ɗaya daga cikin jaruman Blues Brothers biyu, ya rasu a 1982, aka sake fitar da Blues Brothers kan hanya a 1998 da baƙin kwat da baƙin gilashi a jikin wasu, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Atsumi ya rasu a 1996. Da Yamada ya yi fim na hamsin a 2019, tsofaffin hotunansa ya yi amfani da su a matsayin tunawar iyalinsa, bai ɗauko wani ya sa masa hular ba. Reubens ya rasu a watan Yulin 2023, a tsakiyar yajin aikin 'yan wasan Amurka da ya ɗauki kwana 118, wanda ɗaya daga cikin manyan batutuwansa shi ne ƙera fuska da muryar ɗan wasa da kwamfuta. Yarjejeniyar da aka cimma ta yi magana a kan neman izini da biyan kuɗi, kuma hakan daidai ne. Izinin magada dai yana ba kamfani fuska da murya da kwat ɗin toka. Tsawon lokacin da za a riƙe bakin balan-balan ɗin nan ba ya cikin abin da suka gada, domin ko a rubutun fim ba a iya sa shi. Reubens ne ya yanke shi a gaban kyamara, yana kallon fuskokin da ke gabansa.